Aljabara da Lissafin Yiwuwa a Firamare: Gaggawa ce ko Gyara?

Ga wani ɗan lissafi da mai karatu zai iya gwada wa duk yaron da ke aji biyar ko shida a gidansu: 8 + 4 = □ + 5. Wace lamba za ta shiga akwatin? Amsar ita ce 7. Amma da wasu masana koyar da lissafi na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka suka ba 'yan firamare wannan tambaya, a binciken da suka wallafa a 1999, mafi yawan yaran 12 suka rubuta, wasu kuma 17, har da 'yan aji shida. Tarawa ba ta gagare su ba, sun san takwas da huɗu sha biyu ne. Inda suka yi tuntuɓe shi ne a kan alamar daidai. A wurinsu layukan nan biyu umarni ne kawai da ke cewa "rubuta amsa". Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa alamar shaida take bayarwa a kan abin da ke hagu da abin da ke dama ƙimarsu ɗaya.

A kan irin wannan akwati ne malaman lissafi suka rabu gida biyu, kuma sun daɗe a rabe. Wasu suna cewa yaro ya shekara shida yana tarawa da ɗebewa ba a koya masa tunani ba, don haka a shigo masa da tushen aljabara, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da dabarun warware matsala tun yana ƙarami. Wasu kuma suna cewa a bari yaro ya iya sau bakwai tukuna, sannan a zo a yi wannan magana. A takarda dai Nijeriya ta riga ta yanke hukunci. Manhajar lissafin firamare da hukumar NERDC ta tsara ta ƙunshi sassa biyar: lambobi da ƙidaya, ayyukan lissafi huɗu, matakan aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdigar yau da kullum, wadda a manyan azuzuwa ta haɗa har da wurga sulalla da ƙwayar lido. Sai dai abin da manhaja ta ce daban, abin da ke faruwa tsakanin malami da allo daban. A aji, muhawarar tana nan da ranta.

Masu cewa a dakata suna da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya, domin tarihi ne ya ba su ita. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta ga kamar an bar ta a baya a kimiyya. Manyan malaman jami'a suka zauna suka rubuta wa yara sabon lissafi mai cike da ka'idar rukuni, da ƙidaya a kan tushen biyu ko biyar maimakon goma, da sunayen dokokin da yaro ke aiki da su ba tare da ya san suna da suna ba. Wannan guguwa ta iso Afirka ta hanyar tarurrukan da aka fara a Entebbe ta Yuganda a 1962. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi tsaye a kan aikin akwai Grace Alele-Williams, wadda ta sami digirin digirgir a fannin koyar da lissafi daga Jami'ar Chicago a 1963, daga baya kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar. Mutane ne masu ilimi da kyakkyawar niyya, kuma gwajin da suka fara a makarantun Legas ya ba su ƙwarin gwiwa. Da aka bazu da abin zuwa sauran ƙasa sai labari ya sha bamban. Malaman da ba a horar ba suka riƙa kwafe wa yara alamomin da su kansu ba su gane ba, iyaye suka kasa taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida, ga kuma shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka buɗe a Satumban 1976 ya cika makarantu maƙil da yara fiye da waɗanda aka yi wa tanadi. A Janairun 1977 Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani. A can Amurka ma sai da wani masanin lissafi, Morris Kline, ya rubuta littafi sukutum a 1973 yana kukan cewa yara sun iya sunayen dokoki amma ba su iya tarawa ba. Duk wanda ya san wannan labari, in ya ji an ce aljabara a aji biyu, dole ya ɗan ja da baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko zafi, don ta yau ce. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke iya lissafin tushe: karanta lamba, gane wadda ta fi girma, tarawa mai sauƙi, da cike gurbin jeri. A jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas abin ya fi haka muni. To yaron da ba ya iya bambance 46 da 64, wace aljabara za a kawo masa? Sannan wa zai koyar? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutane, kuma ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, amma ko masu sukar ba su ce babu matsala ba. Malamin da ke gaban yara tamanin ko ɗari, wasu a kan benci wasu a ƙasa, da alli guda a hannu, abin da zai iya yi wa kowa a lokaci ɗaya shi ne ya ce "biyu sau biyu", aji ya amsa "huɗu". A ce masa ya raba yara rukuni-rukuni su gano ka'ida da kansu, wannan magana ce ta wanda bai taɓa shiga irin ajin ba.

Kuma hadda, in ji su, ba abin kunya ba ce. Al'ummar da yaranta ke haddace izu sittin ba za a tsorata ta da jadawalin sau goma sha biyu ba. Ilimin halayyar ɗan Adam ma yana bayansu a nan. John Sweller na Ostareliya ya daɗe yana nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa ta juya a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. Yaron da sai ya zana sanduna a gefen takarda kafin ya san 7 sau 8, duk ƙarfinsa a nan zai ƙare, ba abin da zai rage masa na tunanin ainihin tambayar. Wanda kuwa 56 ke faɗo masa nan take, hankalinsa a sake yake. A wani gwaji da Sweller da abokin aikinsa Graham Cooper suka wallafa a 1985, a kan aljabara ma kuwa, ɗaliban da aka ba misalan da aka riga aka warware suka yi nazarinsu sun fi sauri da ƙarancin kuskure a kan tambayoyi makamantansu, idan aka gwada da waɗanda aka sa su yi ta fama da kansu. Haka kuma kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa don duba batun, a rahotonsa na 2008, bai ce a gaggauta kawo haruffa ba. Cewa ya yi abin da ke share wa yaro hanyar aljabara shi ne ƙwarewa a kan cikakkun lambobi, da musamman lissafin kaso, wato rabi da sulusi da rubu'i da danginsu. Sauri, in ji masu wannan ra'ayi, shi ke haifar nawa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ni ban ga inda za a karya shi ba. Sai dai masu cewa a fara da wuri suna da amsa, kuma amsar tasu ta fara ne da cewa ba a fahimci abin da suke nema ba. Ba su ce a rubuta wa ɗan aji biyu x da y ba. Abin da suke nufi da aljabara a wannan mataki shi ne yaro ya lura da yadda lambobi ke hulɗa da juna. Ya gane cewa 38 + 25 daidai yake da 40 + 23, don an ɗauki biyu daga nan an kai can. Ya gane cewa in ya manta 7 sau 8, zai iya yin 7 sau 4 ya ninka. Ya ga jerin 3, 7, 11, 15 ya faɗi abin da ke biye, sannan a tambaye shi ta goma fa, ta ɗari fa, har ya ga ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba zai kai shi ba, sai ya nemo doka. Wannan ba ƙarin kaya ba ne a kan manhaja. Tarawar ce dai da ninkawar da ake yi kullum, amma da tambaya ɗaya a kai: me ya sa? Kuma yaron da ya san dalili ya fi riƙe haddarsa, domin in wani gurbi ya zube yana da hanyar sake gina shi. Jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya ma tana da takarda guda ta irin waɗannan tambayoyi na gano dokar da ke ɓoye a cikin zane, kuma 'ya'yan masu hali a makarantun kuɗi tun daga ƙananan azuzuwa suke da littafinta. Ashe tambayar ba ta ko za a koya wa yara ba ce, ta waɗanne yara ne za a koya wa.

Suna kuma da misalan ƙasashen da suka gwada abin ya yi. A Mosko, tun shekarun 1960, Vasily Davydov ya riƙa fara wa 'yan aji ɗaya da gwada tsawo da nauyi da yawan ruwa, suna rubuta cewa wannan ya fi wancan da haruffa kafin su nutsa cikin lambobi. Wanda ya fi shahara shi ne na Singafo, inda a farkon shekarun 1980 ma'aikatar ilimi ta fito da dabarar zana sanduna. A ce wa da ƙane suna da awaki 50, na wan sun fi na ƙanen da 12, kowa nawa gare shi? Ɗan sakandare zai ce x + x + 12 = 50. Ɗan aji huɗu a Singafo zai zana sanda biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, ya rubuta 12 a kan rarar, ya yanke ta, ya ga saura 38 a sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kowace 19. Ƙane 19, wa 31. Aljabara ya yi, bai taɓa harafi ba. A gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS na 1995 Singafo ce ta zo ta ɗaya a lissafi, kuma tun daga nan ba ta bar sahun gaba ba. Abin lura, wanda masu yabon Singafo kan tsallake, shi ne yaran can suna haddace jadawalin sau sarai, kuma malamansu na samun horo mai tsanani da albashi mai kyau. Don haka misalin bai zama na ɓangare ɗaya shi kaɗai ba. Amma zanen sanda dai ba ya bukatar kwamfuta ko lantarki. Alli da allo sun isa, ko tsinke da ƙasa.

Hujjar da ta fi taɓa ni a wannan ɓangare ta fito ne daga kasuwa. A wani aiki da aka wallafa a 1985, wasu masu bincike a birnin Recife na Birazil sun bi yara masu talla suna sayen kwakwa da lemo a hannunsu, suna lura da yadda suke lissafi. Yaron da ke sayar da kwakwa a kan 35 aka ce masa a ba da goma. Bai ce a ƙara sifiri ba. Cewa ya yi uku 105 ne, da wasu uku, da wasu uku, 315 ke nan, da guda ɗaya, 350. A bakin ciniki yaran sun ci kusan dukan tambayoyin. Da aka rubuta musu lambobin nan dai a takarda irin ta makaranta, ko rabi ba su ci ba. Yara biyar ne kacal a wancan bincike, amma a 2025 wata tawaga da ta haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo ta wallafa makamancinsa a kan yara sama da dubu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, sakamakon ya zo iri ɗaya, da ƙari: 'yan makarantar da ke cin lissafin takarda su kuma sun kasa lissafin ciniki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa ko awara a hannun yarinya 'yar shekara tara a tasha. Za ta haɗa kuɗin mutum uku, ta cire bashin jiya, ta ba da canji daga dubu ba ta yi kuskuren naira biyar ba, gobe kuma a aji a ba ta 1000 − 650 a tsaye ta rikice wajen aro. Yarinyar nan ta riga ta iya warware matsala. Makaranta ce ta ƙi karɓar abin da ta zo da shi.

Akwai kuma masu ganin aljabara wani kayan Turawa ne da aka ɗora mana, wanda ya kamata a jinkirta har sai yaro ya yi ƙwari. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Littafin da fannin ya samo sunansa daga gare shi, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ne ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekara ta 820, babu alama ko harafi guda na lissafi a cikinsa, duk da zance aka yi bayani, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Wannan ilimi bai taɓa yankewa a zaurukanmu ba. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, da naira 80,000. Matar ta ɗauki sumuni, 10,000. Saura 70,000, namiji na da rabon mata biyu, don haka kaso bakwai ne, kowane kaso 10,000. Malamin da ya ce "mu ɗauki rabon mace a matsayin kaso ɗaya" ya sa wa abin da ba a sani ba suna ke nan, kuma wannan shi ne zuciyar aljabara. A ƙarni na 18 ma Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin gina murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Abin mamaki ne a ce tambayar gado, wadda ta haɗa kaso da rabawa da tunanin abin da ba a sani ba a wuri ɗaya, kuma kowane gida ya san muhimmancinta, da wuya a same ta a littafin lissafin firamare.

Batun lissafin yiwuwa ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan masu cewa a dakata sun fi samun ƙasa. Jean Piaget da Bärbel Inhelder, a aikin da suka fitar a 1951, sun ga cewa yaro ba ya cika kama ma'anar sa'a da yiwuwa sai ya kai wajen shekara 11 ko 12, lokacin da ya iya tunanin kaso. Efraim Fischbein ya zo a 1975 ya nuna cewa ƙananan yara ma suna da wani ji na abin da ya fi yiwuwa, kuma koyarwa na iya gyara shi ko sakaci ya lalata shi. Ko wanne aka bi, ba a iya cewa "ɗaya cikin shida" ga wanda bai san sudusi ba. Sannan akwai ƙyamar da iyaye da yawa ke yi wa ƙwayar lido da karta, kuma ba su yi ƙarya ba, domin fannin kansa daga teburin caca ya taso: wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654 a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse ne. Uban da ɗansa ya dawo ya ce yau malam ya koya mana jefa ƙwaya, ba lallai ya yi murna ba. Su kuwa sulallan da manhaja ta ce a wurga, yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe kwabo a hannunsu ba.

Amma a duba abin da rashin wannan ilimi ke jawowa. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da ƙwayar halittar sikila, kuma ƙasar ce ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da cutar. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Sau nawa aka ji mai ilimi, har mai digiri, yana fassara wannan da cewa in sun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, ko kuma tunda na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira? Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da wanda ya gabace shi ba. Ana iya nuna wa 'yan aji shida wannan da jaka biyu, kowace da ƙwayar wake fari ɗaya da ja ɗaya. A zaro ɗaya daga kowace jaka, a rubuta, a mayar, a maimaita sau arba'in. Ja da ja za su fito wajen sau goma, amma ba a jere bi da bi ba: wani lokaci sau biyu a jere, wani lokaci a daɗe ba a gan su ba. Babu lido, babu karta. Ita kanta cacar, wannan ilimi ne maganinta. Saurayin da ke haɗa wasannin ƙwallo goma a tikiti ɗaya, ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Kamfanin cacar ya san wannan lissafi, shi ne bai sani ba. Manomin da ya ji hasashen damina na hukumar NiMet a rediyo, ruwa ya saɓa da abin da aka faɗa sau ɗaya ya ce duk ƙarya ce, shi ma abin da ya rasa ke nan. Game da addini kuwa, ƙuri'a ba caca ba ce. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma mata masu adashi har gobe da ita suke fitar da wadda za ta fara ɗauka. Ga kuma wata hujja mai nauyi: yara da yawa, musamman mata a karkara, daga aji shida karatunsu ke tsayawa. Abin da aka ce a bari sai sakandare, su an hana su ke nan har abada.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. A kan warware matsala, ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. George Polya, a littafinsa na 1945, ya kasa aikin mataki huɗu: a fahimci tambaya, a tsara dabara, a aiwatar, a waiwaya a duba. Matakan suna da kyau, amma rubuta su a bango ba ya sa yaro ya iya, kamar yadda Sweller ya nuna. Sai malami ya warware misali a gaban yara da babbar murya, yana faɗin abin da ke ransa, ya sake wani, sannan ya sake su. Kuma matakin farko na Polya shi ne inda yaranmu ke faɗuwa, ba don lissafi ba, don harshe. Yaron da aka rubuta wa tambaya da Turancin da ba ya ji, abin da zai yi shi ne ya tsinci lambobin da ke ciki ya tara su, ya yi fatan dacewa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa har da lissafi da Yarbanci tsawon shekara shida, ya nuna ba su yi baya ba, gaba ma suka yi. Ko wace manufa gwamnati ta ɗauka a kan harshen koyarwa, ba abin da zai hana malami a Gumel ko Illela ya karanta tambaya da Hausa, ya bari yara su yi gardama a kanta da Hausa, kafin a rubuta amsa.

A kan tsoron cewa tushe bai kafu ba, masu wannan tsoro sun yi gaskiya, amma maganin da suke bayarwa, wato a yi ta maimaita abu ɗaya shekara shida, shi ne dai abin da ake yi yanzu, kuma shi ya haifar da ɗaya cikin huɗun nan na binciken MICS. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta nuna wata hanya: a gwada yara, a raba su bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum da tsinke da dauri goma-goma har su kama. An kawo wannan tsari Borno, an kuma gwada shi a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Jihar Kano. Darasin da ke ciki shi ne tushen lissafi aikin watanni ne in an yi shi daidai, ba na shekaru shida ba. Kuma yaron da ke kwance daurin goma don ya cire bakwai daga talatin da biyu, ya riga ya fara tambayar "me ya sa".

Saboda haka ban goyi bayan a buɗe wani sabon darasi mai suna aljabara a ƙananan azuzuwa ba, kuma haruffa su jira aji shida ko ƙaramar sakandare. Kuskuren shekarun 1970 ke nan, kada a maimaita shi. Amma ma'anar alamar daidai, da akwatin da ke yawo wani lokaci a hagu wani lokaci a dama, da jerin lambobi, da zanen sanda, waɗannan su shiga cikin tarawa da ɗebewa tun daga aji biyu, kafaɗa da kafaɗa da haddar jadawali, wadda ita ma kada a sassauta mata. Lissafin yiwuwa ya jira sai an iya kaso, a aji biyar da shida, a yi shi da wake da jaka, makonni kaɗan sun isa, amma kada yaro ya bar firamare bai yi shi ba.

Duk wannan a wuyan malami zai rataya, kuma malami ba ya ba da abin da ba a ba shi ba. Kiran nawa ga kwalejojin ilimi ne da hukumomin SUBEB na jihohi: duk ɗalibin NCE da zai koyar a firamare, kafin a miƙa masa takardar shaida, a tsayar da shi gaban allo ya bayyana da Hausa, ko da harshen garin da za a tura shi, dalilin da ya sa ake aro a ɗebewa, da dalilin da ya sa rabin sulusi ya zama sudusi. Wanda ya kasa a sake koya masa, kada a tura shi aji.